Saƙon da Ke Riga Haske Isowa

Talata Mafara,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka.

Na san yadda ake fara wasiƙa, don na sha jin kana gyara wa 'yarmu Kulu tata. A ce ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Na ɗora biro zan rubuta haka, hannuna ya ƙi. Kai kana inda ba a tambayar lafiyarka, sai dai a roƙa maka rahama, ni kuma tawa amsar zan bar ta sai ƙarshe. Na kuma san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da ma kana nan, da jan biro za ka ɗauko ka fara zagaye mini kurakurai tun kafin ka ji abin da nake son faɗa.

Gobe takabata ke cika, wata huɗu da kwana goma. Akwai maganar da na riƙe tun kana raye, ta zauna mini a ƙirji, kuma ba na son in yi wankan fita da ita. Ita ce dalilin wannan wasiƙa. Amma bari in fara ba ka labarin gida, kada ka ce na shigo maka ba sallama.

Damina ta yi kyau. Geron gonarka ta Ruwan Gizo ya yi, ƙaninka Bello ne ya tsaya a kai har aka ɗaure, kuma ya yi ƙoƙari, ko da yake ya bar ciyawa ta ci gefen waken da kake ji da shi. Babur ɗinka yana zaure, na rufe shi da tsohuwar tabarma. Ɗalibanka na makarantar garin Kaya sun zo gaisuwa a mota guda, sun cika zaure har waje, manyan samari suna share hawaye da hula. Kulu ta koma makaranta. Ba ta cika magana ba yanzu, sai ta zauna a kujerarka ta yi ta juya littattafanka. Mahaifiyarka kuwa, Inna, tun ranar bakwai ta baro Janbako ta zo zama da ni, har yau tana nan.

Wayarka ma tana nan. Ban bar ta ta mutu ba ko sau ɗaya. In an ɗauke wuta na aika da ita wajen mai caji, in an dawo da ita na sa ta a gefen filo inda kake ajiye ta. Ni da na fi kowa zagin wannan waya, yau ni ce mai gadinta. Ka ga abin dariya?

Ka tuna lokacin da ka zo neman aurena a Bakura? Wani ya riga ka kai wa Babana labari cewa kai mai duban taurari ne. Baba malamin zaure, ya ƙare rayuwarsa yana hana mutane zuwa wajen masu duba, sai ga shi an ce 'yarsa za ta auri ɗaya. Kwana uku yana kiranka yana yi maka tambayoyi, kai kuma kana zana masa abubuwa a ƙasa da tsinke. A ƙarshe ya shigo gida ya ce wa mahaifiyata yaron nan ba boka ba ne, mai tunani ne a kan halittar Allah, sai dai surutunsa ya yi yawa. Ni aka bar wa surutun, na sha shi shekara goma sha bakwai.

Zan maimaita maka karatun, don ka san ba barci nake yi ba duk lokacin da kake yi. Ka ce akwai taurarin da suka ninka rana girma nesa ba kusa ba. Irin wannan tauraro yana ta cin wutarsa har ranar da makamashin cikinsa zai ƙare, sai zuciyarsa ta rufta cikin ƙiftawar ido. A wannan lokacin wasu ƙananan abubuwa suke fitowa daga cikinsa da yawan da ba ya ƙirguwa, waɗanda kuke kira nutirino. Kai kana ce musu baƙi marasa sallama, don suna ratsa bango da dutse da jikin mutum su wuce ba wanda ya ji. Ka ce ko ina tuƙa tuwo irinsu daga rana suna ratsa ni da tukunyar gaba ɗaya. Na ce to su riƙa taya ni tuƙin mana.

Ka ce kuma rufawar zuciyar takan kaɗa sararin samaniya kansa, kamar yadda ruwan dam ɗin Bakolori ke kaɗawa in yaro ya jefa dutse. Kaɗawar tana tafiya har ta iso duniyarmu, ta miƙe ta, ta matse ta, kaɗan ƙwarai, ko kaurin gashi bai kai ba. Wasu mutane a ƙasashe masu nisa sun haƙa ƙarƙashin duwatsu sun cika manyan tankuna da ruwa mai tsabta don su kama ƙyallin baƙin nan, wasu sun binne na'urori a cikin ƙanƙara, wasu kuma sun shimfiɗa dogayen bututu suna auna kaɗawar da haske. Na tambaye ka me ya sa ba za su ɗaga kai su duba sama kawai ba kamar kowa. Ka ce ido fatar tauraro kaɗai yake gani. Baƙin nan su ke ba da labarin zafin da ke ciki, kaɗawar kuma ita ke nuna yadda cikin ya murɗe ya juya, in an haɗa su biyun ne za a gane yadda tauraro ke fashewa.

Abin da ka fi so ka maimaita shi ne wannan. Zuciyar tauraro takan mutu, amma fuskarsa ta ci gaba da haske lafiya lau na sa'o'i, wani lokaci har yini guda, kafin fashewar ta kai waje. Saboda haka saƙon ciki yana riga hasken isowa. Wanda ke saurare zai sani tun kafin a ga komai a sama. Ka ce sau ɗaya tak aka taɓa kama irin waɗannan baƙi daga tauraro mai fashewa, tun kana ƙaramin yaro, su ma guda ashirin da 'yan kai, kaɗawar fashewar kuwa har yau ba a taɓa kamawa ba. Don haka ka sa sunanka cikin masu jiran sanarwa, ka ce ranar da saƙon ya zo wayar nan za ta yi ƙara, kai kuma ka tara yaran Kaya a filin makaranta su ga tauraro ya fashe da idonsu. Na ce yaushe? Ka ce watakila gobe, watakila bayan shekara hamsin. Na ce lallai ka samu aikin yi.

Ban manta shekarar da aka rufe layukan waya a jihar nan ba. Mutane suna kukan ba sa jin 'yan'uwansu, 'yan kasuwa suna kukan ciniki, kai kuma kana zagaye tsakar gida kana cewa in tauraro ya fashe a makon nan fa? Har ka hau babur ka nufi wajen Sakkwato neman inda waya za ta kama, a kan hanyar da kowa ke tsoro. Ranar na yi maka faɗan da ban taɓa yi ba. Na ce kana da 'ya da mata a ƙasa, ka tafi neman labarin wanda bai san da zamanka ba. Ka ci tuwonka, washegari ka sayo mini atamfa. Ka ga ashe ina da baki, Malam. A kan tauraro na iya buɗe shi.

To ga maganar da na riƙe.

Na gani. Tun sanyin bara na gani. Na ga ka daina tayar da babur da ƙafa, sai ka tura shi gangaren ƙofar gida. Na ga in ka dawo masallaci kana tsayawa a zaure kamar mai gyara hula, alhali numfashi kake nema. Na ga filonka ya zama biyu, sannan uku. Wata safiya ina shara na ga kana fama da takalminka sau-ciki na zuwa makaranta, ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga, ka waiga ka ga ko ina kallo, ni kuma na sunkuyar da kai na ci gaba da shara.

Kowace safiya ina durƙusawa in gaishe ka, in ce an tashi lafiya, ka ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ni ma in ce madalla. Haka aka koya mana. A gidanmu na Bakura ba a kallon babba a ce masa ba ka da lafiya, sai in shi ya faɗa. Ana cewa mugun baki ne, wai in ka kira ciwo da sunansa ka ba shi wurin zama. Na taso ina jin haka, kuma ko da na yi karatun da ya isa in san ba haka addini ya ce ba, tsoron bai bar ni ba. Ina ganin in na ce zuciyarka ce, to ni na jawo. Ina ganin in na yi shiru, watakila ya wuce kamar zazzaɓi.

Sai na koma yin abubuwa a ɓoye. Na rage gishiri da dunƙule a miya, ka ci ba ka ce komai ba. Na daina soya maka ƙosai da safe na ce wake ya yi tsada. Ranar wata Juma'a da ka sa silifa ka tafi masallaci, na ɗauki takalmin nan a leda na kai wa baduku a bakin kasuwa, na ce ya buɗa mini shi, na dawo da shi na ajiye daidai inda ka bar shi. Ranar Litinin ka sa ya shige sumul. Na ji daɗi har raina, kamar na yi maganin wani abu. Wace irin wauta ce wannan? Ƙafa tana kumbura, ni ina faɗaɗa takalmi.

Sau nawa na shirya maganar a bakina? Na ce yau in ya gama cin abinci zan ce mu je asibiti. Sai ka gama, ka ɗauko waya, ka fara ba ni labarin wasu matattun taurari biyu da suka yi karo can nesa, fuskarka tana haske kamar yaro, sai in ce bari sai gobe, mutumin da ke dariya haka ai ba abin da ke damunsa. Kai da bakinka ka koya mini cewa fuska ita ce ta ƙarshe wajen sanin abin da ya faru a ciki. Na haddace karatun, na kasa gane shi a gidana.

Ranar Talatar nan ana tsakiyar jarrabawar 'yan aji shida. Da safe na gaishe ka, ka ce lafiya lau. Ka dawo bayan azahar, ka jingina babur, ka zauna a gindin darbejiya ka ce in ba ka ruwa. Na shiga na ɗebo a randa. Ko minti biyu ban yi ba. Kafin magariba an kai ka, ni kuma ina zaune cikin mata ana ce mini haƙuri, ana cewa ikon Allah, mutum lafiyarsa ƙalau ya faɗi. Duk wanda ya shigo sai ya ce lafiyarsa ƙalau, ni ina gyaɗa kai. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma an umarce mu da neman magani, ni kuwa ban nema maka ba, kuma wannan nawa ne.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki, ina yankan kuɓewa da hantsi, wayarka ta yi irin ƙarar nan. Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na ɗauka na ga rubutun Turanci da lambobi, ban san ko ranar da ka yi shekaru kana jira ce ta zo ba ka nan ba. Na rasa wanda zan tambaya. Sai na tuna jakar madubin hangen nesanka da ke rataye bayan ƙofa, na ce ko ba komai in fito da shi. Ina buɗewa na ga takarda a ninke, da sunana a bayanta.

Da Hausa ka rubuta, da wannan rubutu naka mai kama da tafiyar kaza. Ka ce in ba ka nan kuma waya ta yi ƙara, in duba kalmomi biyu, ka zana mini su manya-manya. In ɗaya ce kawai, karo ne na nesa, in yi hamdala in koma aikina. In duka biyun suka zo tare, in kira malamin lissafi na makarantarku ya tara yara, ni kuma in fita tsakar gida bayan magariba in duba inda saƙon ya nuna, in rubuta lokacin da na fara ganin haske. Na gwada da abin da ke wayar, kalma ɗaya ce. Ba ranarka ba ce.

Sai na ga akwai sauran rubutu a ƙasa. Ka ce miya ta yi lami kwana biyu kuma ka san dalili. Ka ce kai malamin kimiyya ne, ka san takalmi ba ya girma da kansa. Ka ce saƙona ya iso, ka gode, kuma kai ma ka yi shiru ne don kada ka tsorata ni. Ka ce da an gama jarrabawar yara za ka je a duba ka. Na kalli kwanan watan da ka sa a sama, satin da na je wajen baduku ne.

Malam, na yi kuka ranar, amma ba zan ɓoye maka ba, haushinka na fi ji. Ka iya gaya wa takarda, ka kasa gaya mini? Wata biyar muna kwana ɗaki ɗaya, ka san na sani, ni ina zaton ba ka san na sani ba, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa. Me kake tsammani zan yi da godiyarka a cikin jaka? Da ɗayanmu ya buɗe baki sau ɗaya, da ko ba a ƙara maka kwana ba, ai da mun zauna mun yi maganar, da na riƙe hannunka, da na nemi gafararka kana ji. Mutanen da kake ba ni labari sun haƙa dutse don su ji saƙon tauraro su sanar da duniya cikin gaggawa. Mu namu saƙon ya iso tun da wuri, muka karɓa, kowa ya ninke ya ajiye.

Yanzu bari in gaya maka abin da na yi, wanda ya sa rabin danginku ke fushi da ni.

Sati uku da suka wuce ina zuba wa Inna ruwan alwala, ta ɗaga zane za ta wanke ƙafa, sai na ga ƙafarka. Irin kumburin, irin ƙyallin fatar. Na lura kuma ta daina kwanciya sosai, sai ta jingina da bango ta yi barcinta a zaune. Kwana biyu ina juya abin. Ka san tsakanina da ita, shekara goma sha bakwai ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Har na kama kaina na rage gishiri a miyarta. Ina riƙe da cokalin na ji kamar an mare ni.

Ranar Juma'a 'yan'uwanku mata suka zo daga Maradun, Bello ma yana nan. Aka gaisa, aka tambayi Inna jiki, ta ce lafiya lau. Sai na ji bakina ya ce ba lafiya lau ba ne. Na ce ƙafarta ta kumbura, ba ta iya kwanciya, irin ciwon da ya ɗauke ka ne, kuma na gan shi a jikinka na yi shiru, ba zan sake yi ba. Gwaggonka ta kama salati, ta ce takaba ta taɓa mini kai, wace suruka ce ke yi wa uwar miji irin wannan fata? Inna ta ja zane ta rufe ƙafafunta, ta juya mini baya. Na dubi Bello na ce in bai samo mota ba, ni zan fita da takabata in samo.

Washegari ya kai ta. Likita ya ce zuciya ce da hawan jini, ya ce an zo a kan lokaci, ya ba ta magani ya hana ta gishiri. Kumburin ya fara saɓewa, shekaranjiya ta kwana a kwance da filo ɗaya. Har yau ba ta cika yi mini magana ba, gaisuwa ce kawai. Amma kowace safiya in na kawo ruwan alwala, sai ta miƙo ƙafar ba tare da ta dube ni ba, in danna da yatsa in ga ko ya lotsa. Jiya da na gama ta riƙe hannuna ta ɗan jima, sannan ta sake.

Yayana zai zo daga Bakura gobe, yana so in koma gida. Na ce masa sai Inna ta ƙara samun ƙarfi, kuma Kulu ba za ta bar makarantarta a tsakiyar zango ba. Duk inda na zauna wayarka tana tare da ni, da takardar, da madubin. Malamin lissafi ya ce in dai ƙarar ta zo, ko ranar hutu ce zai tara yaran. Jan tauraron nan da kake nuna mini, wanda ka ce ya tsufa kuma wata rana shi ma zai tafi, yanzu da asuba yake tsayawa a saman darbejiya. Ina ganinsa in na fito alwala. Yana nan yana haskensa, ni kuwa na daina yarda da fuska.

Na yafe maka shirunka, Malam, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini nawa. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa mu a inda ba ciwo.

Na ce zan bar amsar gaisuwa sai ƙarshe, to ga ta. Kulu tana nan da sauƙi. Inna tana samun sauƙi. Ni kam ba lafiya lau nake ba. Ina kewarka, abinci ba ya yi mini daɗi, kuma har yanzu in na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai na miƙe in ɗebo ruwa. Da haka zan amsa wa duk wanda ya tambaye ni gobe.

Sai mun iso.

Matarka da ta gani ta yi shiru,
Saratu.